Takardar Zama da Takardar Tafiya: Tarihin Marasa Katin Shaida a Tamanrasat

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da garin Arlit na Nijar, dab da iyakar Aljeriya. Motoci biyun da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yara 52 ne, da mata 33, da maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance da ke jihar Damagaram. An binne su a inda aka same su. Garin da suka nufa shi ne Tamanrasat, wanda Abzinawa ke kira Tamanghasat, babban birnin kudancin Aljeriya.

Da sun isa, da sun tarar da dubban mutane irinsu: masu kwana a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba da bakin busasshen kwarin da ya ratsa garin, ba su da muhalli, ba su da wata takarda da hukuma za ta san su da ita. Waɗannan rashi biyu a ɗaure suke da juna. Ba a ba mutum katin shaida sai ya kawo takardar haihuwa da shaidar inda yake zaune. Ba a ba shi hayar ɗaki a rubuce, ko aiki mai albashi, ko gurbi a jerin masu jiran gidajen gwamnati, sai ya nuna katin shaida. Wanda ya rasa ɗaya, da wuya ya sami ɗayan.

Tarihin Tamanrasat ya nuna inda wannan ƙulli ya samo asali, da hanyoyin da aka bi don kwance shi. Ya kuma nuna cewa takardun da ake miƙa wa marar galihu iri biyu ne: akwai wadda ke ba shi damar zama ya gina rayuwa, akwai wadda ba ta da wani aiki sai fitar da shi daga ƙasa.

Kafin zuwan takarda

Tamanrasat na cikin duwatsun Ahaggar, kimanin kilomita 2,000 kudu da Aljiyas, babban birnin ƙasar, da kimanin kilomita 400 arewa da In Gezam, garin ƙarshe kafin a shiga Nijar. Ta fi kusa da Agadas nesa ba kusa ba a kan yadda take da Aljiyas. Sa'ad da malamin Kirista ɗan Faransa, Charles de Foucauld, ya sauka a wurin cikin 1905, bai tarar da komai ba sai ɗan ƙauye mai bukkoki kamar ashirin, na manoma da ke noma bakin kwari. Masu ƙasar, wato Abzinawan Kel Ahaggar, makiyaya ne da ba sa zama wuri ɗaya.

Rayuwar Kel Ahaggar ta dogara da kudu. Kowace shekara ayarinsu kan ɗebo gishiri daga Amadror, ya gangara da shi Damargu, tsakanin Agadas da Damagaram, a musanya shi da gero. Idan fari ya tsananta a duwatsu, sai a kora raƙuma zuwa filayen Tamesna, waɗanda a yau suke cikin Nijar. Saboda haka mace kan haifi ɗa ɗaya a Ahaggar, ta haifi ƙanensa a Tamesna, kuma babu wanda ya ɗauki wannan wani abu.

Wannan ba ya nufin cewa mutum ba shi da shaida a wancan zamani. Shaidarsa mutane ne. Ana sanin Ba'abzine da ƙabilarsa da dangin uwarsa da tambarin da ke jikin raƙuminsa. Ana sanin Bahaushe da garinsu da sana'arsa da askar da ke fuskarsa. Falke kan shiga ƙarƙashin madugu a hanya, in ya sauka a gari kuma ya shiga hannun mai masauki, wanda ake ce wa fatoma. Mai masauki ne ke ba baƙo wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. A taƙaice, masauki da shaida a hannun mutum ɗaya suke. Wanda ya ba ka ɗaki shi ne ya ce ya san ka.

Yana da kyau ɗalibi ya lura da kalmar shaida kanta. Asalinta Larabci ne, kuma ma'anarta ta farko mutum ne da ya gani da idonsa ya faɗa da bakinsa. Daga baya ne ta koma kan abin da aka rubuta, har aka sami katin shaida da takardar shaida. Tafiyar da wannan kalma ta yi daga baki zuwa takarda ita ce tafiyar da mutanen Tamanrasat suka yi, sai dai ba duka ne suka kai ba.

Rajistar Faransa da waɗanda ta tsallake

Faransa ta ci Kel Ahaggar da yaƙi a Tit, kusa da Tamanrasat, ranar 7 ga Mayu 1902, kuma cikin 1904 Musa ag Amastan ya yi sulhu da ita a In Salah. Daga nan aka shiga zana layuka. Yarjejeniyar da jami'an Faransa suka ƙulla tsakaninsu a Yamai cikin 1909 ta raba Aljeriya da yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Layin ya bi ta tsakiyar hanyar gishiri da gero. A lokacin bai dami kowa sosai ba, domin mai mulkin ɓangarorin biyu ɗaya ne.

A arewacin Aljeriya kuwa tuni aka fara rubuta mutane. Dokar 23 ga Maris 1882 ta tilasta wa Musulmin ƙasar ɗaukar sunan iyali da shiga littafin rajista. Wanda aka rubuta ba tare da irin wannan suna ba sai a sa masa haruffa uku, SNP, waɗanda ke nufin marar sunan iyali, kuma akwai iyalan da suka gaji waɗannan haruffa har bayan samun 'yanci. Wanda ba a san ranar haihuwarsa ba sai a kintata shekara a rubuta cewa zato ne. Amma kudu daban take. Tun daga 1902 aka ware ta a matsayin yankin mulkin soja, haka kuma ta zauna har 1957. Rajista ba ta iso ta ba sai a makare, ko da ta iso kuma ta fi tsayawa a garuruwan dausayi da barikokin soja. Abin da jami'in soja yake bukata daga makiyayi shi ne yawan tantuna da dabbobi saboda haraji, kuma wannan ta bakin shugaban ƙabila yake samunsa.

Illar wannan giɓi ta fito fili a wani al'amari na daban. Tsakanin 1961 da 1966 Faransa ta yi gwajin makaman nukiliya a ƙarƙashin dutse a In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasat, kuma gwajin ranar 1 ga Mayu 1962 ya ɓalle, ƙura mai guba ta bazu a sarari. An ɗauki leburori da yawa daga mutanen yankin. Da Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, sai ta nemi mai ƙara ya kawo hujjar cewa yana wurin a lokacin. Makiyayin da ba a rubuta haihuwarsa ba, balle ranar da ya kafa tanti kusa da dutsen, da me zai kafa hujja? 'Yan Aljeriya da suka sami wannan diyya ba su taka kara sun karya ba.

Iyaka ta zama gaskiya

Nijar da Mali sun sami 'yanci a 1960, Aljeriya a 1962. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince a Alƙahira cikin 1964 cewa a bar iyakoki yadda Turawa suka bar su, sannan a 1983 Aljeriya ta sa hannu da Nijar da Mali a kan yarjejeniyoyin kafa alamun iyaka. Layin da a da yake kan taswira kawai ya zama shinge mai jami'ai. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya suka wayi gari 'yan ƙasashe daban-daban, in har suna da abin da zai nuna ƙasar.

Dokoki biyu na 1970 su ne ginshiƙin al'amarin a Aljeriya. Ta farko, ta watan Fabrairu, ta tsara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ta kuma ce a kai rahoton haihuwa cikin kwana biyar, tare da sassauci ga yankunan hamada. Gyaran da aka yi mata a 2014 ya sa wa jihohin kudu kwana 20. Ta biyu, ta watan Disamba, ita ce dokar zama ɗan ƙasa. Ta ɗora asali a kan jini, ta kuma ce mai da'awar asali ya nuna cewa mutum biyu a jerin iyayensa maza, wato uba da kaka, a Aljeriya aka haife su kuma Musulmi ne.

Ga mutumin Aljiyas ko Wahran wannan ba wani abu ba ne, tun da sunan kakansa na cikin littafi tun zamanin Faransa. Ga mutumin Ahaggar kuwa dutse ne a gaba. Kakansa a tanti aka haife shi, wataƙila a Tamesna, kuma babu alƙalamin da ya taɓa rubuta sunansa. Aurensa da Fatiha aka ɗaura a gaban malami da shaidu, ba a kai shi ofis ba. Auren da ba a rubuta ba ba ya samar da littafin iyali, wanda a cikinsa ake jera 'ya'ya. Yaron da ba ya cikin littafi kuwa yakan sha wuya kafin a rubuta shi a makaranta, in ya girma shi ma ya yi auren da ba za a iya rubutawa ba. Ta haka rashin takarda ya zama abin gado.

Fari da zamanin ishumar

Cikin 1963 tawaye ya ɓarke a yankin Kidal na Mali, gwamnatin Modibo Keita ta murƙushe shi da ƙarfi, iyalai da yawa suka tsallaka Aljeriya. Bayan shekara goma sai ga babban farin 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 zuwa 1985. Dabbobi suka ƙare. Makiyayan Adagh da Azawak da Abzin, waɗanda ba su taɓa roƙon kowa ba, suka kwararo Tamanrasat da In Gezam da Tin Zawatin hannu rabbana. A daidai wannan lokaci, cikin 1974, aka mai da Tamanrasat hedikwatar jiha, kuɗin man fetur ya shigo, aka shiga gine-gine, aka bukaci leburori. Garin da yake da 'yan dubban mutane a lokacin 'yanci ya haura dubu 90 a ƙidayar 2008.

Waɗanda fari ya koro suka kafa bukkoki da ɗakunan laka a gefen gari, a unguwanni irin su Tahaggart. Samarinsu aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci da ke nufin marar aikin yi. Suna yawo tsakanin Tamanrasat da Janet da Ghat da Sabha a Libiya, suna aikin gini da gadi da kiwon dabbobin wasu, suna kauce wa shingen jami'ai. A cikinsu ne Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka fara kaɗa jita a Tamanrasat a ƙarshen shekarun 1970, abin da daga baya ya zama ƙungiyar Tinariwen da duniya ta sani.

Matsalarsu ta fi ta sauran baƙi sarƙaƙiya. Mali da Nijar ba su rubuta yawancinsu ba kafin su fito, Aljeriya kuma ba ta ɗauke su nata ba, alhali harshensu da danginsu ɗaya ne da na Kel Ahaggar. Wanda yake da dangi a gari, wani lokaci akan shigar da shi cikin littafin iyalin kawu ko gwaggo, ya zama ɗan ƙasa. Wanda ba shi da kowa sai ya zauna a tsakani. Cikin 1986 hukumomin Aljeriya suka kwashe dubbai daga cikinsu suka kai bakin iyaka. A farkon 1990 wasu dubban suka koma Nijar bisa gayyatar shugaba Ali Saibu da alkawarin taimakon sake zama. Taimakon bai iso yadda aka faɗa ba, rai ya ɓaci, kuma a watan Mayu na wannan shekara aka yi kashe-kashen Cin Tabaradan, wanda ya buɗe ƙofar tawaye a Nijar. A Mali ma wuta ta kama, har aka zo Tamanrasat ɗin aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ranar 6 ga Janairu 1991. Darasin wannan zamani a bayyane yake: mai da mutum ƙasar da aka ce tasa ce bai wadatar ba, in can ɗin ma babu littafin da ya san shi, babu kuma abin da zai kama.

Hausawa a Tamanrasat

Tare da Abzinawa, Hausawa ma sun hau wannan hanya. 'Yan ci-rani daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas sun riƙa zuwa bayan girbi suna komawa kafin damina: magina, da teloli, da masu wanki, da masu gyaran takalma, da masu aikin lambu. Kasuwar baje koli ta Asihar, wadda ke haɗa 'yan kasuwar Aljeriya da Nijar da Mali, ta ƙara ƙarfafa wannan zirga-zirga: dabino da taliya da madarar gari su gangara kudu, dabbobi da lalle da kayan yaji su hau arewa. A yau ana jin Hausa a kasuwa da tasha da unguwanni irin su Gat el Wad, kusa da Larabci da Tamashek. Har ma gasasshen naman da garin ya yi suna da shi, mainama ake kiransa, wato kalmar Hausa mai nama ce ta zama sunan abincin.

Tsohon tsarin mai masauki bai mutu ba. Sabon zuwa kan nemi mutanen garinsu, su ba shi tabarma a ɗakin da suka haɗa kuɗi suka kama, su kai shi wurin mai ba da aiki. Abin da ya sauya shi ne, maganar mai masauki ba ta da nauyi a gaban ɗan sanda. Aljeriya ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka yarjejeniyar walwalar zirga-zirga ta 1979 ba ta taɓa aiki a can ba. Ɗan Nijar na bukatar biza, ɗan Mali kuwa an daɗe da yafe masa ita, abin da ya sa fasfon Mali ya zama haja mai tsada a hanyar hamada. Dokar 25 ga Yuni 2008 ta ƙara tsaurara hukunci a kan shiga da zama ba bisa izini ba, ta haɗa har da wanda ya taimaka. Wannan ya sa masu gidaje da yawa suka ji tsoron ba baƙo haya.

Daga baya sai ga wani sabon ayari: mata da yara daga Kance da Matamai, inda ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, suna zuwa bara a Tamanrasat da biranen arewa. Su ne suka fi kowa rashin rufin asiri, domin ba su da ɗaki, ba su da mai aiki da zai tsaya musu, kuma da yawa daga yaran ba a rubuta haihuwarsu ba tun daga gida. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kimanin kashi 64 cikin ɗari ne na ƙananan yaran Nijar aka yi wa rajista, kuma ƙauye ya fi birni giɓi.

Yadda ake mai da shaidar baki takarda

Duk wani taimako na gaskiya da aka taɓa yi wa marasa takarda a wannan yanki hanya ɗaya ya bi: a ɗauki abin da mutane suka sani, a kai shi gaban alƙali, ya zama rubutu.

Ga wanda asalinsa Aljeriya ne, dokar 1970 ta bar ƙofa. Wanda aka manta ba a rubuta ba zai kai buƙatarsa ga mai gabatar da ƙara na kotun yankinsa, a bincika a tabbatar ba ya cikin wani littafi, a saurari shaidu, likita ya kintata shekarunsa in da bukata, sannan shugaban kotu ya ba da umurni a rubuta shi. Dokar iyali ta 1984 ita ma ta yarda kotu ta tabbatar da auren Fatiha bayan an ɗaura shi, ko da shekaru sun wuce. Aikin yana da tsari kamar ginin soro: sai an fara tabbatar da kaka ko uba, sannan aurensa, sannan 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Daga takardar haihuwa ake samun takardar zama ɗan ƙasa, daga ita a sami katin shaida, wanda tun 2016 ya koma na zamani mai ɗauke da hoton yatsu. A nan dattawan ƙabila da limamai da maƙwabta suke da muhimmanci, domin su ne suka san wane ɗan wane ne. Mai taimako na ƙwarai shi ne wanda ya san wannan jeri, ya rubuta wa marar ilimi buƙatarsa da Larabcin kotu, ya nemo shaidu, ya biya musu kuɗin mota daga daji.

Babban sauƙi ya zo ranar 27 ga Fabrairu 2005, sa'ad da aka gyara dokar zama ɗan ƙasa, aka ba uwa ikon ba ɗanta ƙasa daidai da uba. A gari irin Tamanrasat, inda auratayya tsakanin 'yan ƙasa da waɗanda fari ya koro ta yi yawa, wannan gyara ya buɗe wa yara da dama ƙofar da take rufe. Ya kuma dace da al'adar Kel Ahaggar, waɗanda tun asali ta wajen uwa suke lissafa dangantaka. Dokar ta kuma ɗauki jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba a matsayin ɗan ƙasa. Amma haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mai da ɗan baƙi ɗan Aljeriya.

Ga ɗan Nijar kuwa, ƙofar ita ce ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Tamanrasat. Mali ma tana da nata. A can ake ba da katin da ke nuna cewa ofishin ya san mutum, a can kuma ake shigar da haihuwar yaron da aka haifa a Aljeriya cikin littafin Nijar. Sai dai wannan na bukatar takardar asibiti, matar da ke tsoron kamu kuwa takan haihu a ɓoye. Shi ya sa rabin maganin yake can gida. A Nijar alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman kotu na tafi-da-gidanka, tare da tallafin hukumomi irin su UNICEF, inda hakimi da maigari da iyaye ke ba da shaida a yanke wa ɗaruruwan yara hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa a yini ɗaya. Tun 1999 uwa 'yar Nijar ke iya ba ɗanta ƙasa, a 2014 aka halatta riƙe ƙasa biyu, a 2019 kuma aka sabunta dokar rajista. Aljeriya ma ta nuna cewa isa ga makiyayi ba gagara ba ne: a kowane zaɓe akwatunan ƙuri'a na tafi-da-gidanka kan fita dajin Ahaggar kwana uku kafin ranar zaɓe. Motar da ta iya kai akwati za ta iya kai littafi.

Takardar tafiya

Mutuwar mutum 92 ta girgiza Nijar, aka yi zaman makoki na kwana uku. A ƙarshen 2014 gwamnatocin ƙasashen biyu suka amince a mai da 'yan Nijar masu bara gida, aka fara da kimanin mutum 3,000, mafi yawansu mata da yara. Ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar ta Aljeriya ta shiga aikin. Ana tattaro mutane daga biranen arewa a motocin safa zuwa wani sansani a Tamanrasat, jami'an Nijar su tantance su, a ba su takardar izinin wucewa, sannan manyan motoci su kai su Asamaka da Agadas. Ga da yawa daga cikin matan nan, wannan ce takarda ta farko da wata hukuma ta taɓa rubuta sunansu a kai. Amfaninta na tafiya ɗaya ne, ta ƙare a ranar da aka sauke su.

A tsakiyar 2017, lokacin da Abdelmadjid Tebboune yake firaminista, gwamnati ta yi maganar ƙidaya baƙi da ba wasunsu izinin zama da na aiki a fannonin da ke ƙarancin ma'aikata, kamar gini da noma. Da an yi haka, da ita ce takardar zama ta farko ga leburorin da suka gina rabin garin. Maganar ba ta je ko'ina ba. Abin da ya biyo baya shi ne ƙarin kame. Aka faɗaɗa korar ta haɗa da 'yan wasu ƙasashe, waɗanda ake saukewa a wani fili da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. A watan Yuni 2018 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ba da rahoton cewa an bar fiye da mutum 13,000 a hamada cikin wata 14. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da aka koro Nijar a 2024 kaɗai. Da yawa sun iso ba waya, ba kuɗi, wasu ma ba takardun da suka shiga da su. A Asamaka da Arlit da Agadas, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya kan sake bin ofisoshin jakadanci don samo musu wata takardar tafiyar, wani lokaci a yi watanni ana jira. Wasu kuma, da zarar sun huta, sai su sake kama hanyar arewa, domin abin da ya fitar da su daga gida yana nan.

Kammalawa

Aljeriya ta shiga yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ta marasa ƙasa ta 1954 tun farkon 'yancinta, ƙasashen Afirka ta Yamma sun yi alkawari a Abijan cikin 2015 cewa za su kawar da rashin ƙasa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa 2030 a matsayin shekarar da kowane ɗan Adam zai kasance yana da shaida a hukumance. Tarihin Tamanrasat ya ba da ma'aunin da za a auna waɗannan alkawura da shi. Inda aka saurari shaidu aka rubuta kaka da aure da jika, ko aka bar uwa ta ba ɗanta ƙasa, iyali sun tashi daga bukka sun shiga gida, yara sun shiga makaranta, zuriya ta fita daga gadon rashi. Inda aka tsaya ga takardar wucewa, an kwashe mutane a 1986, an sake kwashewa a 2014, ana kuma kan kwashewa.

Mutanen da suka riga iyaka zuwa wannan ƙasa sun san juna tun kafin a san alƙalamin hukuma. Aikin da ya rage shi ne wanda mai masauki yake yi a da: a sami wanda zai ce ya san mutum, a kuma sami hukumar da za ta karɓi maganarsa ta rubuta.